Kunyar Injiniya

Duk layin babu wanda ya san makarantar da ta ba shi sunan Injiniya. Abin da aka sani dai shi ne, a shekarun baya ya taɓa aiki da wani kamfanin gyaran hanya, kuma waɗanda suka gan shi a bakin aikin sun ce jan ƙyalle yake riƙewa, ya ɗaga motoci su tsaya, ya sauke su wuce. Amma in ya miƙe ƙafa yana ba da labari, sai ka rantse ba a taɓa shimfiɗa kwalta a duniya ba sai da aka zo aka durƙusa aka nemi shawararsa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya yi ta kiran kansa da shi har mutane suka gaji suka kama masa. Yana son sunan nan fiye da abincin rana. In ka ce masa Malam, kurma ne. In ka ce Injiniya, ko a banɗaki yake sai ya amsa.

Wanda yake son ganin aikinsa kuwa ba sai ya yi nisa ba, ya leƙa gidansa kawai. Famfon tsakar gida tun ranar da ya gyara shi, in an murɗa ta gindi ruwa yake fitowa. Ƙofar kicin ya cire don ya daidaita ta, ga ta can jingine da bango ana shanya tsumma a kanta. In matarsa ta yi magana, amsarsa ɗaya ce: "Ƙaramin aiki ne, Maman yara. Manyan ne suka sha mini kai."

Babban aikin bai zo ba sai da ƙaramar hukuma ta aiko da sanarwa cewa tana da kwaltar layi ɗaya tak a unguwar. Kwamitin ayyuka zai zagayo ya duba, layin da aka ga mutanensa sun fi taimakon kansu, shi za a shimfiɗa wa. Layuka biyu ne kuwa suke neman kwaltar nan ido rufe: nasu, da layin baya, waɗanda ko gaisuwa ba sa yi musu sai da gatse.

Kwamitin layi ya zauna a garejin Hedimasta. Hedimasta tsoho ne mai ritaya, shi ne shugaba, mutum mai haƙuri wanda in ya fara jimla sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai ƙarasa ba. Aka jera benci, aka kawo kujerun roba, aka buɗe taro. Tela ya ce a yashe kwata. Mai kantin magani ya ce a shafe katangu da farin fenti. Gwaggo mai ƙwai, wadda in ban da Hedimasta ta girmi kowa a wurin, ta ce ita ba ruwanta da fenti.

"Masu babur ɗin nan za ku yi mini maganinsu," in ji ta. "Sun mai da layin nan filin tsere. Jiya saura ƙiris a kwashe mini jika, shekaranjiya an take mini kaza, ɗan banza ko waiwaye bai yi ba."

Injiniya ya yi gyaran murya. Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe riga, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya kamar yana tausayinsu.

"Kwata!" ya ce. "Fenti! Haba jama'a. Layin baya ma kwata za su yashe, ai ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya iya yasar kwata. Ni na yi nazarin layin nan, na auna shi da ido tun daga baki har ƙarshe. Abu ɗaya ya rasa. Layin nan ba shi da kunya."

"Wannan gaskiya ne," in ji Tela. "Mu ma tun ranar da ka tare muka lura."

Gareji ya ɗauki dariya. Injiniya ko ƙiftawa bai yi ba.

"Ba waccan ba, kai da iliminka bai wuce allura da zare ba. Kunyar titi nake nufi. Tudun nan da ake yi a gicciye, irin kunyar gona, mota in ta zo dole ta rage gudu. Guda ɗaya tak zan yi, amma a kimiyyance. Kwamitin ayyuka suna gani za su san akwai ƙwararre a layin nan."

Gwaggo ta ce in dai zai hana a take mata kaji, ta yarda. Hedimasta ya fara cewa, "To, ni a ganina, da dai an fara tuntuɓar..." Kafin ya kai ga wanda za a tuntuɓa, Injiniya ya bugi ƙirji.

"Ranka ya daɗe, wa za a tuntuɓa ina zaune? Ku buɗe kunne ku ji. In kwaltar nan ba ta shigo layin nan ba, ku daina kirana Injiniya. Ku zaɓa mini duk sunan da kuka ga dama, zan amsa."

"Hedimasta ka ji," in ji Tela. "Gwaggo kin ji. Kowa shaida ne."

Labari ya riga shi isa gida. Matarsa ta tare shi da ludayi a hannu ta ce, "Baban yara, duk abin da muka mallaka a gidan nan sunan nan ne kaɗai bai lalace ba, shi ma ka kai shi jingina?" Ya ce ta kwantar da hankalinta, nan gaba kaɗan za ta riƙa fita da takalmi mai tsini ba ta tsoron caɓi.

Ba a jima ba tifa ta shigo ta juye ƙasa a bakin layi, daidai ƙofar Injiniya, don gidansa ne na farko in an shigo. Direban tifar abokinsa ne, dama yana neman inda zai zubar da abin da aka kwashe daga bayan kasuwar hatsi da kayan miya, Injiniya ya ce ya kawo, ai ƙasa ƙasa ce. Baƙa ce wuluk, tana tururi, tana kuma da wani irin ƙamshi da ya sa maƙwabta rufe taga.

Tela ya fito toshe da hanci. "Injiniya, ni na zaci ƙasar titi ja ce."

"Wannan a zamanin kakanka ke nan. Yanzu baƙa ake yayi, ta fi kama jiki. Siminti na nan tafe a rufe ta."

"Warin fa?"

"Sinadari ne."

Ya ɗauko wata tsohuwar hular kwano rawaya da ya taho da ita daga kamfani, ya kifa a ka, ya ari shebur, ya wuni yana tarawa yana dannewa da ƙafa. Kafin rana ta faɗi kunya ta tashi daga wannan bango zuwa wancan, tsayinta ya kai gwiwar babban mutum. Hedimasta ya zo ya daɗe yana kallo, ya ce, "Anya... ba ta yi..." Injiniya ya ce haka ƙa'ida ta tanada.

Mai babur na farko da ya sheƙo da gudu bai san an yi canji ba. Shi da fasinjansa suka tashi sama har aka ga hasken rana ta ƙarƙashin tayoyi, suka dira, fasinja ya sami kansa rungume da wuyan direba, hularsa kuwa sai a rufin shagon Tela aka tsince ta. Babu wanda ya ji ciwo, amma zagin da mai babur ya bari a wurin ya ishi unguwa guda. Injiniya ya cire hular kwano ya ɗaga wa jama'a.

"Kun gani? Ta fara aiki."

Ta kuwa yi aiki. Masu babur suka koyi lallaɓawa a ƙofar Injiniya, da sun haye sai su murɗa totur su fanshe lokacin da suka ɓata, daidai ƙofar Gwaggo. Da wannan kaɗai ne, da da sauƙi. Abin da ya ɓallo ruwa bakin Injiniya ne. Ya fito da kujera ya zauna gefen aikinsa, duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya ce, "Duba da kyau. Kaf layin nan ƙofata ce kaɗai mai kunya."

Yara suka ɗauka. Kafin yamma sun mai da ita waƙa, suna bin gida-gida suna nunawa da yatsa, wannan ba kunya, wancan ba kunya. Magana ta shiga cikin gidaje ta faɗa kunnen mata.

Gwaggo ce ta fara isowa, tana haki.

"Kai ɗan nan, ni ce marar kunya?"

"Gwaggo, ba haka nake..."

"Na haifa, na aurar, na ga jikoki, sai yau da furfurata yara za su tsaya a ƙofata suna cewa gidan ba kunya? Ni na kawo maganar babur a taro, kai kuma ka kwashe kunyar ka kai ƙofarka. Gobe in tashi in ga tawa, kuma kada ta gaza taka."

Tana tafiya mai kantin magani ya zo, ya ja Injiniya gefe, ya rage murya. "Injiniya, ka san 'yan mata ne cike da gidana. Jiya wani saurayi ya zo wurin babbar, ya tambayi yara kwatance, suka ce ya wuce gida mai kunya, marar kunyan da ke da koren ƙyaure shi ne. Ko zama bai yi ba. Ka rufa mini asiri."

Da mai hankali ne, da ya ce a'a. Injiniya kuwa ji ya yi kansa ya ƙara girma har hular kwano ta matse shi. "Ƙaramin aiki ne," ya ce, ya aika wa direban tifa.

Hedimasta ya kira taron gaggawa, ya yi dogon bayani cewa kalma ce kawai ta zo ɗaya, kunyar titi daban, kunyar ido daban, bai kamata manya masu hankali su biye wa waƙar yara ba. Kowa ya gyaɗa kai. Washegari da sassafe Injiniya ya buɗe ƙofa ya tarar da Hedimasta tsaye yana sosa ƙeya. Ashe matar Hedimasta ce ta ce ba za ta zama matar shugaba a ce kuma ƙofarta ce ba kunya ba.

"'Yar madaidaiciya," in ji Hedimasta yana kallon ƙasa. "Don zaman lafiya."

Daga nan abin ya zama gasa. Wannan ta ce ta maƙwabciyarta ta fi tata tudu, a ƙara mata shebur. Wancan ya ce shi gidansa ƙofa biyu ne. 'Yan haya suka ce kowane ɗaki da mutuncinsa. Tela ne kaɗai ya toge, har sai da wata mata da ya riƙe wa ɗinki tun bara ta tsaya a bakin shagonsa ta ce dama an gaya mata, duk garin shi ne telan da ba shi da kunya, ga shaida nan a ƙasa. Da yamma ya sami Injiniya.

"Yi mini," ya ce. "Amma 'yar ƙarama. Sana'ata ba ta son kunya da yawa."

Layi ya koma tudu da kwari tun daga baki har ƙarshe. Masu babur suka daina bi gaba ɗaya, Injiniya ya ce wannan ita ce nasara. Sai dai motar kwasar shara ma ta daina. Mai ruwa in ya turo kurarsa, kafin ya kai tsakiyar layi rabin ruwan ya koma ƙasa. Mai kawo wa Gwaggo ƙwai a keke ya iso ƙofarta yana gumi, ta buɗe kaya ta tarar an riga an kaɗa mata su, saura mai da kasko. Matar mai aski da cikinta ya wuce lokaci, da ƙyar aka sami wani mai tasi ya yarda ya shigo ɗaukarta, kafin su haye ta ƙarshe sai kukan jariri a kujerar baya. Injiniya ya je barka ya ce a gode wa Allah, a kuma gode wa kimiyya.

Siminti dai shiru. Kwamitin ayyuka ma shiru, yau a ce mako mai zuwa, mako ya zo a ce shugabar ta yi tafiya. Wanda bai saɓa alkawari ba shi ne ruwan sama.

Ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ruwan da a da yake bin layi ya wuce abinsa, yanzu ya tarar da shingaye, kowane gida ya sami tafkinsa a ƙofa. Da yake layin ya gangaro ne zuwa baki, duk abin da ya tsallake sauran kunyoyin sai ya taru a bayan babbar, ya rasa hanya, ya ga ƙofar Injiniya a buɗe ya shiga ba sallama. Injiniya ya fito daga ɗaki ya tarar da takalmansa suna yawo a tsakar gida, matarsa tsaye a kan kujera da tukunya a hannu.

"Baban yara, wannan ma a kimiyyance ne?"

"Ruwa ne yake neman hanyarsa. Ki ba shi lokaci."

"Ai ya samu. Ga shi can ƙarƙashin gado."

Rana ta fito, ruwa ya janye, aka kwashe kwanaki ana shanyar katifu. Sai wata safiya aka tashi aka ga kunyoyi sun yi kore shar. Duk abin da aka share daga kasuwa ya farka. Masara ta tsiro a ƙofar Hedimasta, kuɓewa a ta Gwaggo, tumatir da barkono a ta mai kantin magani, kabewa ta kama yaɗo daga ƙofar Tela ta nufi shagon mai aski. Ta Injiniya da yake ta fi kowacce taki, komai da komai ne ya fito a kanta.

Hedimasta ya ce a tuge kafin baƙi su zo. Injiniya, wanda shi kansa abin ya ba shi tsoro da farko, ya yi maza ya gyara hula.

"A tuge? Ranka ya daɗe, ai da gangan na yi. Saiwar ce take riƙe ƙasa. A ƙasashen da suka ci gaba sun daina siminti, shuka ake yi. Ka tuge yau, gobe kunyarka ta zube."

Babu wanda yake son kunyarsa ta zube. Ballantana Gwaggo, da ta ga kuɓewa ta fara fure, ta ce duk wanda ya taɓa mata ita sai dai a raba su a ofishin 'yan sanda. Awakin layin baya suka ji labari suka fara kawo ziyara, sai kowa ya kewaye tasa da kara da tsohon gidan sauro, aka bar 'yar siririyar hanya a gefe don masu ƙafa. Su ma mutanen layin baya ba su zauna ba, kullum sai wani ya leƙo da kwando yana tambaya ko tumatir ya nuna. Tela ya kafa mutum-mutumi a tasa, ya sa masa wata riga da mai ita ya gaji da zuwa karɓa, ya kifa masa rawayar roba a ka. Kowa ya gane wanda ake nufi ban da Injiniya, wanda ya duba ya ce aikin ya yi kyau, sai dai ba shi da kwarjini.

Ranar da kowa ya fid da rai, Kansila ya bugo wa Hedimasta waya cewa ga su nan tafe. Layi ya rikice. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi tiɓis. Injiniya ya faɗa ɗaki ya fito cikin fararen kaya masu guga, hular kwano a ka, a hannunsa kuma tsohon jan ƙyallensa, wanda ya ce na tarbar manyan baƙi ne.

Wata doguwar mota mai sheƙi ta karyo kwana ta tsaya cak a gaban babbar kunya. A baya Kansila ne, mutum mai jiki da fara'a, da shugabar kwamitin ayyuka, wata mata mai tabarau wadda ba a san ranar da ta yi dariyar ƙarshe ba. Direba ya leƙo ya ce shi bai ga hanya ba.

"Hanya ce lafiyayya!" in ji Injiniya. Ya yaye gidan sauron da ya kewaye tasa, ya hau kaɗa ƙyalle. "Taho, direba! An auna ta da ƙa'ida."

"Ai ja nake gani kana ɗagawa," in ji direba.

"A hannun ƙwararre ja ma wucewa ce. Ba ta wuta kawai. Taho, taho!"

Direba ya ba ta wuta. Tayoyin gaba suka haye, aka ji wani ƙuuu daga ƙarƙashi, mota ta zauna daram da cikinta a kan kunya. Direba ya ƙara wuta, ko gaba ko baya. Injiniya ya zagaya baya ya sunkuya don ya duba matsalar a kimiyyance, daidai lokacin da taya ta lashi taɓo ta watsa masa tun daga hula har takalmi. A cikin mota Kansila ya matsa gaba, mota ta sunkuya. Ya koma baya, ta ɗaga kai. Yara suka kama tafi. Da ƙyar aka buɗe ƙofa aka sauko da baƙi, Kansila ya taka ƙasa, ƙafarsa ta fito, takalmi ya zauna.

Shugabar ta gyara tabarau. Ta tattare bakin zaninta ta bi siririyar hanyar nan, jama'a na biye da ita. Ta duba masara, ta ɗaga ganyen kabewa, ta tsaya gaban mutum-mutumin Tela ta dube shi, ta waiwayo ta dubi Injiniya, ta sake duban mutum-mutumin. Sai da ta kai ƙarshe ta dawo sannan ta cire tabarau.

"Ina layin da aka ce mu duba?"

"Shi ne... wato... a kansa kike tsaye, ranki ya daɗe," in ji Hedimasta.

"Tun da nake aikin nan ban taɓa ganin irin wannan ba. Wa ya yi?"

Ran Injiniya ya yi fari tas. Ga ranar da ya daɗe yana jira ta zo. Ya ratso ta gaban Hedimasta, ya share taɓo daga ido, ya bugi ƙirji.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Injiniya. Ni na zana, ni na auna, ni na zaɓo ƙasar da hannuna. Waɗannan da kike gani kwata suka so yashewa. Ba wanda ya sa mini baki, kowa shaida ne."

"Mun shaida!" in ji Tela da ƙarfi.

"To sannu da ƙoƙari," in ji shugabar. "Gaskiya shuka ta yi kyau, na daɗe ban ga kuɓewa irin wannan ba. Sai dai mu kwamitin ayyuka ne, ba ma zuba kwalta a kan amfanin gona. Zan yi wa kwamitin noma magana su zo su gan ku. Kwalta kuwa ta layin baya ce. Ta can muka biyo, sun yashe kwatarsu tas."

Kansila, yana tsaye da ƙafa ɗaya dafe da kafaɗar direba, ya ce kada kowa ya damu, shi da kansa zai tsaya tsayin daka a ba su taki da fartanya. Aka tara majiya ƙarfi, har da mutanen layin baya da suka zo kallo baki har kunne, aka ciccibi mota aka mai da ita inda ta fito. Baƙi suka tafi, ganyen masara na reto a jikin bambar motar.

Injiniya ya fara ja da baya a hankali yana laluben ƙofarsa.

"Hedimasta," in ji Tela. "Akwai alkawari. Ga kwamiti a cike."

Nan take aka yi taro a tsaye, ko gareji ba a je ba. Mai aski ya ce Manomi. Mai kantin magani ya ce Malamin Gona ya fi daraja. Tela ya ce a bar shi da Sinadari. Musu ya fara zafi, sai Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Ku bari. Shi da bakinsa ya ce kaf layin nan shi ne mai kunya. To ku ba shi abinsa."

Hedimasta ya tambaya ko akwai mai ja. Tun da aka kafa kwamitin layin nan, ranar ce aka fara yanke magana ba wanda ya ja, ranar ce kuma Hedimasta ya fara ƙarasa jimla a numfashi ɗaya.

"Daga yau sunansa Mai Kunya."

Injiniya ya buɗe baki zai ce ƙaramin aiki ne, gobe zai je ofis ya daidaita komai. Maganar ta ƙi fitowa. Ya dubi layin, ya dubi mutanen da suka yi wata da watanni suna tsallake tudu da kaya a ka, suna kwasar ruwa daga ɗaki, don kawai sun yarda da shi, ga kwaltarsu ta tafi layin baya. Wani abu mai zafi ya taso masa daga wuya ya mamaye fuska, kansa ya yi nauyi ya sunkuya, idonsa ya kasa haɗuwa da na kowa. Bai taɓa jin irin wannan ba, har ya zaci zazzaɓi ne. Ya cire hular kwano ya rungume, ya shige gida.

Matarsa na bakin kicin ɗin nan da ba ƙofa, ta ji komai ta katanga. Ta dube shi sama da ƙasa, taɓo na ɗiga daga gemunsa. Ta so ta yi faɗa, ta so kuma ta tausaya masa, dariya ta ci ƙarfinta.

"Baban yara, tun da na aure ka nake roƙon Allah ya ba ka kunya ko 'yar kaɗan ce. Ban san da tifa za a kawo ta ba."

Ya wuce banɗaki ya sa sakata, wai zai wanke taɓo, ya kifa bokiti ya zauna a kai.

Can sai ga muryar Tela daga ƙofar gida. "Injiniya!"

Shiru.

"Injiniya, Kansila ya aiko a tono masa takalminsa daga cikin aikinka!"

Matar ta kasa kunne, ko motsi babu. Tela ya yi gyaran murya.

"Mai Kunya!"

Daga can cikin banɗaki, wata 'yar murya da ba a taɓa sanin yana da ita ba ta ce, "Na'am."